Ƙafar Hagu ta Maijego

Da sunan Allah nake fara wannan rubutu, da hannun da ya fi sabawa da ruwan zafi a kan biro. Sunana Jummai, a unguwar Lamorde cikin Mubi nake zaune, sana'ata wankan jego. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, ina goye da autata na yi shi, don haka wanda ya ga harafi ya karkace ya gyara a zuciyarsa.

Kwanakin baya wasu 'yan mata biyu, ƙawayen 'yata, suka yi sallama gidana wai in koya musu sana'a. Na ce madalla, gobe ku zo da sassafe mu tafi gidan aiki tare. Ɗayar ta dubi 'yar'uwarta, ta ce, "Mama, ai ba sai mun je ba. Ki faɗa mana sunan ganyen kawai da irin man da kike sawa, sauran duk mun gani a waya. Ba tafasa ruwa ne da tausa ba?" Na ce haka ne, 'yata. Ni ban iya musu ba, muryata ma ba ta kaiwa ƙofar gida. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda takarda ba ta katse wa mutum magana.

Aikina na farko a unguwar Kolere na yi shi, a bayan Goggo Asta. Tsohuwa ce Bafulatana, siririya, Hausarta kaɗan, faɗanta da yawa. Na shiga gidan ina tsammanin za a ba ni ganye in watsa wa maijego ruwa. Sai ta nuna mini wani bokiti a bayan ɗaki, cike da tsummokaran biƙi, ta ce, "Wanke." Na wanke. Gida na gaba, wanke. Damina ta wuce, rani ya wuce, ni ce ɗebo ruwa daga mayo, wato rafi, ni ce faskare, ni ce wankin tsumma, ban taɓa jikin mace ko ɗaya ba. Ranar da na yi ƙorafi sai ta ɗaga tsumma ɗaya ta kai shi hancina.

"Wannan na yaushe?"

Na ce ban sani ba.

"To me za ki je ki yi a jikin mutum?"

A nan na gane ashe makaranta ta sa ni. Jinin biƙi yana da tafiyarsa. Yana farawa ja, ya koma kamar ruwan goro, ya yi ta hucewa har ya zo fari-fari. Yana da ƙarninsa na lafiya, yana kuma da wani wari daban, kamar naman da ya kwana a leda, wanda idan hancinki ya ɗauka sau ɗaya ba za ki ƙara mantawa ba. Maijego za ta ce miki lafiya lau don kunya, uwar miji za ta ce lafiya lau don kada a ce gidanta, tsumma ne kaɗai ba ya jin kunyar kowa. Ban sani ba ko wayoyin yanzu suna fitar da wari. Tawa dai ba ta yi.

Kayan aikin ba su da yawa. Rabin duro na tafasa ruwa, wanda idan ya cika mace biyu ke sauke shi, ni kuwa na saba da saukewa ni kaɗai. Damin ganyen darbejiya, ɗanye, mai kauri, ba wanda ya kwana ba. Kujerar tsugunno. Ƙwarya. Man shanu ko man kaɗanya. Tsohon zani mai laushi na ɗaure ciki, don sabon zani zamewa yake. Sai gwiwar hannu, ita ce ma'aunin zafi. Tafin hannuna ya mutu tuntuni, zan iya tsamo cokali daga tafasasshen ruwa, to idan na auna ruwa da shi sai in dafa 'yar mutane. Na taɓa ganin cinyar wata yarinya da wata mai sabuwar sana'a ta yi wa wanka, fata ta saluɓe kamar ta tumatir, ita kuwa tana gaya wa dangi wai sanyi ne ke fita.

Masu kira na iri-iri ne. Matan makiyaya, matan 'yan kasuwa, malaman makaranta 'yan Michika da ke cewa, "Mama Jummai, ɗumi kawai, don Allah, ba girki ba." Amma duk wadda za ta shiga sana'ar nan ta sani, ba maijego ce ke ɗaukarki aiki ba. Uwar miji ce, ko gwaggo, ko wata tsohuwa da ta haifi goma ta binne rabi, take ganin ta gama sanin komai. Ita za ta tsaya a kanki tana cewa ruwan bai yi zafi ba, kunun ba kanwa, matsar ba ƙarfi. Idan maijego ba ta yi ihu ba, a wurinta ba ki yi aiki ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo muka gudu daga Mubi kowa ya san ta, ba sai na yi dogon bayani ba. Mata sun haihu a hanya, a kan duwatsu, a ƙauyukan bakin iyaka, an yanke cibi da abin da aka samu, an tare jini da abin da aka samu. Da muka dawo, aiki ya yi mana yawa, kuma ba irin wanda muka saba ba. Gida uku za ki shiga, biyu akwai wannan warin. Zazzaɓi ko'ina. A shekarar ne na fara ganin ƙafa ɗaya tana kumbura ita kaɗai.

A wurinmu akwai yadda ake fassara shi. Cewa ake jinin biƙi ne bai gama fita ba, ya sauka ƙafa ya kwanta. Maganinsa kuwa a shafa mai, a kama daga idon sawu, a yi ta turo shi sama da ƙarfi, ta ƙwauri, ta cinya, har ya koma ciki ya samu hanyar fita. Haka muka taso muka gani. Maƙwabciyata Hansatu ta haihu a hanyar dawowa, ƙafarta ta kumbura, gwaggonta ta zauna ta yi mata wannan matsar da hantsi, da kyakkyawar niyya, har tana yi mata waƙa. Da aka gama Hansatu ta ce ta ji sauƙi, ta miƙe za ta ɗauki jaririnta. Ta dafe ƙirji ta zauna. Kafin a kira mijinta daga bakin titi ta cika. Aka ce iska ce ta buge ta, tunda ta haihu a daji. Ba da daɗewa ba muka ji irin labarin a wata unguwa, can ma aka ce iska.

Bayan haka ne wata ma'aikaciyar jinya, Sista Rahila, ta aika aka tara mu a asibiti, ungozomomi da masu wankan jego. Mace ce gajera, 'yar Michika, ba ta da lokacin gaisuwa mai tsawo. Ta sa aka ɗebi jininta a gabanmu aka zuba a 'yar kwalba, ta ajiye a kan tebur, ta ci gaba da magana. Can ta ɗaga kwalbar ta kife ta, jinin bai zubo ba, ya zama guda kamar hanta. Sannan ta sa muka yi layi muka leƙa madubin da suke duba jini da shi. Na ga wasu ƙwayoyi birjik, da wasu 'yan kaɗan manya a tsakaninsu. Ta ce manyan nan su ake kira fararen ƙwayoyin jini, su ne sojojin jiki.

Goggo Asta ta leƙa ta ɗago ta ce, "Ni ban ga soja ba. Ɗigon shuni na gani."

Sista Rahila ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Goggo, ke kin san nono. Madara tana nan ruwa a ƙwarya, me ke sa ta zama kindirmo?"

"A zuba mata tsohon nono kaɗan."

"To jini ma haka ne."

Zan faɗi abin da ta koya mana yadda kaina ya ɗauka, masu ilimin abin su yi mini afuwa. Ta ce a cikin jini akwai wasu sinadarai da hanta ke yi, su ne ke sa jini ya daskare idan mutum ya yanke. Kullum suna yawo a jijiya amma a kwance suke, sai an tashe su. Idan cuta ta shiga mahaifa, sojojin nan za su taru a wurin, wurin ya yi zafi ya kumbura, faɗan ke nan. A cikin faɗan sai su fito da wani abu a jikinsu wanda ke tashin sinadaran, shi ne kamar tsohon nonon. Wasu daga cikinsu ma sai su watso wani zare kamar saƙar gizo-gizo, cutar ta maƙale a ciki, jini ya daskare a kewaye ya yi mata shinge don kada ta bazu. Suna kuma aika wa hanta saƙo ta ƙara yawan sinadaran. Duk wannan taimako ne. Kuma jiki yana da birkinsa, akwai abin da ke cewa ya isa haka, akwai abin da ke narkar da gudan idan an gama. Amma idan faɗan ya yi tsanani, su sojojin da kansu sai su raunana birkin. Mai tashi ya yi yawa, mai tsayarwa ya yi kaɗan, sai jini ya fara daskarewa inda ba a yanke ba.

Ta ce ita kuma maijego dama jininta a shirye yake ya daskare, haka Allah ya tsara don kada ta zubar da shi duka wurin haihuwa. Sai ga zazzaɓi a kai. Sai mu kuma mu zo mu kwantar da ita a ɗaki mu ce kada ta motsa, mu gasa ta, gumi ya yi ta zuba, mu hana ta ruwan sha wai zai sa mata sanyi. Jini ya yi kauri, ya yi tafiyar hawainiya a jijiyar ƙafa, ya kwanta ya zama guda. Ta sake ɗaga kwalbar.

"Irin wannan ne a cikin ƙafar. Kuna turo shi sama kuna cewa zai fita ta ƙasa. Babu hanya daga jijiyar ƙafa zuwa mahaifa. Hanyar zuciya take bi, daga zuciya sai huhu. Idan ya ɓalle, can zai je ya toshe."

Sista ta ajiye kwalbar. Goggo Asta ta gyara mayafi ta ce hannunta ya matsa ƙafa tun kafin a haifi uwar wannan yarinyar, ta fita. Gaskiyarta ta wani gefen, ta matsa ƙafafu ba iyaka ba abin da ya faru, don yawancin kumburin jego ruwa ne, ƙafa biyu ne, da sanyinsu, ki danna yatsa ya lotsa. Ko shi ma Sista ta ce idan ya haɗa da fuska da ciwon kai a kai asibiti. Wanda ta ja mana kunne a kai shi ne ƙafa ɗaya, mai zafi, mai tauri, mai ciwo. A kan wannan muka raba hanya da Goggo, ba faɗa, ba zagi. Har ta koma ga Allah ina kai mata goro. Amma daga ranar maijegona tana shan ruwa, tana zaga tsakar gida, kanwa kuma sai ɗan abin da zai ba kunu ɗanɗano.

Aikin da nake so masu ganin sauƙin sana'ar su ji, a Kolere ne shi ma, da damina, shekaru bayan wancan. Zainabu ce maijegon, haihuwarta ta biyu, a gida ta haihu. Mijinta Buba dillalin shanu ne, shi da ita Adda suke ce mini, wato yaya. Uwarsa Hajja Dudu, wadda suke kira Dada, ita ke riƙe da gidan, ita ta kira ni. Hausarta irin ta Fulani ce, ba ta cika raba namiji da mace ba. An yi suna lafiya. Bayan suna da 'yan kwanaki, wata safiya na je na ɗauki tsumma zan jiƙa, sai hancina ya tsaya. Na shiga ɗaki na taɓa goshin Zainabu, zafi. Na ce ta miƙe ƙafafu. Na yaye zani na jera su. Ta hagu ta fi ta dama, fatar tana sheƙi, na ɗora bayan hannuna a ƙwauri na ji kamar gefen murhu.

"Tun yaushe?"

"Tun jiya, Adda. In na taka kamar ana ja mini jijiya."

Na rufe ta na fita wurin Hajja. Tana zaune a kan darduma tana jan carbi. Na durƙusa na ce, "Hajja, yau ba wanka. Yarinyar nan asibiti za a kai ta, yanzu, kuma a ɗauke ta, kada ta taka."

"Don ƙafa ya kumbura? Jinin biƙi ne ya sauka. Ki sa mai ki tura shi sama."

"Ba zan matsa ba, Hajja."

"Ba za ki ba, ko ba ki iya ba?"

Na fara yi mata bayanin gudan jini. Ta ɗaga mini hannu.

"Jummai, ni na haifi tara a ɗakin can. Ba wanda ya kai ni wurin likita ya buɗe ni. Maijego ba ya fita kafin arba'in, ba a gidana ba. In kin tsufa ne hannu ya gaji, ki faɗa, akwai yara."

Akwai yara kuwa. A lokacin wata Fa'iza ta fito a unguwar, yarinya kyakkyawa, mai fara'a, ta koyi sana'ar a waya cikin hutun da ba ta da abin yi. Ta kasa aikinta fakej-fakej kala-kala, kowanne da sunansa da kuɗinsa. Robobinta duk ruwan hoda, manta yana ƙamshin turare, tana zuwa da safar hannu da wata fitila mai zagaye ta ɗaukar bidiyo. Wankin tsumma kuwa ba ya cikin fakej ko ɗaya. A gabana Hajja ta sa aka kira ta a waya, ta ce mini in kwashe ganyena, Allah ya ba da lada.

Na kwashe. Na leƙa na ce wa Zainabu, "Kowa ya zo, ki ce ciwo, kada ki bari a taɓa." Ta ce to, amma na san irin wannan to ɗin. Yarinyar da ko sunan uwar mijinta ba ta iya faɗa, ina za ta hana.

Na kira wayar Buba, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ranar kasuwar shanu ce, wanda ya san kasuwar Mubi ya san ko ƙaho aka busa masa a kunne ba zai ji ba. Na tari keke na tafi can. An yi ruwa da safe, kasuwar ta zama kunun laka da kashin shanu, takalmina ɗaya ya maƙale na ciro shi da hannu. Mace a tsakiyar dillalai, kowa da abin da zai faɗa.

"Hajiya, bijimi ko karsana?"

"Ku ba ta hanya, fatauci ta zo daga Legas!"

Na ce Buba nake nema, ɗan Hajja Dudu na Kolere. Wani ya ɗaga murya, "Buba! Ka ci bashin tuwo ne? Ga mai shi ta biyo ka!" Na same shi hannunsa cikin na wani, suna tsakiyar ciniki, yana rantsuwa da kabarin kakansa.

"Adda? Lafiya? Yaron ne?"

"Uwar yaron ce. Ka zo mu tafi."

"Adda, ki ba ni ɗan lokaci in ƙulla wannan, mutumin nan tun safe nake—"

Na matsa kusa da shi, don ba na iya ɗaga murya. Na ce, "Ka tuna Hansatu ta Lamorde, matar mai faci?"

Ya ce ya tuna, ya je jana'izar.

"Irin ƙafarta ce. Kuma yanzu haka an kira wadda za ta matsa."

Ya zare hannunsa. Abokin cinikin yana kiransa, "Kai, Buba, albarka ko ba albarka?" Bai waiwaya ba.

Hanyar Kolere da damina ba ta san gaggawa ba. Kafin mu isa, Fa'iza ta riga mu. Muka tarar da waya a jingine da tasa, fitila a kunne da rana tsaka, ɗaki yana ƙamshi kamar shagon turare. Zainabu tana kwance ta cusa gefen zani a baki. Fa'iza ta durƙusa, ta kama ƙwaurin da hannu biyu tana turawa sama, tana yi wa wayar magana da murya mai daɗi, wai kwastomominta su ga yadda ake fitar da mataccen jini. Hajja na bakin ƙofa tana cewa, "Yawwa, da ƙarfi, 'yar albarka."

Na ƙarasa kusa da Fa'iza. Na kama wuyan hannunta na ɗaga. Hannun da ya saba sauke rabin duro ba ya buƙatar murya.

"Mama, lafiya? Kina ɓata mini bidiyo fa!"

"Sannu da aiki, 'yata. Kin taɓa goshinta?"

"Goshi kuma? Ai ƙafa aka kira ni."

"Kin duba tsummanta?"

Ta yamutsa fuska. "Mama, ni ina da satifiket."

Hajja ta taso. Ta bar ni ta koma kan ɗanta. "Buba, kai ka kawo wannan matar? Na sallame shi, ka dawo da shi? Ka bar kasuwa don maganar mai tafasa ruwa?"

"Dada, ki yi haƙuri, a duba ta kawai a dawo."

"In ka fitar da maijego daga gidan nan kafin arba'in, iska ya buge shi a hanya, kada ka zo mini da kuka."

Buba ya tsaya a tsakiyar ɗaki, laka har gwiwa, ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa. Na ga alamar zai ce a bari zuwa gobe. Sai Zainabu ta cire zanin daga bakinta ta yi tari, busasshe, sau ɗaya, ta sake yi. Ta dafe gefen haƙarƙari.

"Adda, ƙirjina. Kamar an soka mini abu in na ja numfashi."

Daga nan ba wanda ya ƙara neman izinin kowa. Na ce kada ta tashi. Muka kama tabarmar da take kai, ni da Buba da mai keke da wani maƙwabci, muka fito da ita. Na zauna a baya na jingina ta a ƙirjina, ƙanwar Buba ta biyo mu da jaririn a wani keken. A wani kwari ƙafar keken ta nutse, samarin da ke zaune a bakin shago suka taso suka ɗaga shi ɗungurungum. Numfashinta yana ta ƙara sauri, gajere-gajere, ina jin bugun zuciyarta a hannuna. Ina ce mata, "Ja a hankali, mun kusa." Ba mu kusa ba, amma haka ake faɗa.

A asibiti Sista Rahila na nan, ta yi furfura. Ta yaye zanin, ta ga ƙafar tana ƙyallin mai, ta dube ni.

"Wa ya matsa?"

"Ba ni ba."

"Na sani. Ku kawo iska!"

Aka sa mata abin numfashi a hanci, aka yi mata allurar da ke hana gudan ƙaruwa, aka ɗaura ruwa da maganin kashe cuta. Daga baya aka yi hoton ƙafar, likita ya ce gudan ya kama daga ƙwauri har cinya, kuma ga dukkan alamu wani ɗan guntu ya ɓalle ya tafi huhu. Ya ce da babba ne da ba ta iso ba. Buba ya tambaye shi ko matsar ce ta jawo. Likitan ya ce yana iya ɓallewa da kansa, ba zai rantse ba, amma shi ko da kuɗi ba zai bari a taɓa irin wannan ƙafar ba. Aka kuma gano guntun mabiyiya ne ya saura a mahaifa ya ruɓe, shi ya tayar da faɗan tun farko. Aka wanke. Ta daɗe a kwance a can, ta dawo gida da magani na wata da watanni, da umarnin ta riƙa tafiya kullum, ta riƙa shan ruwa.

Kada wani ya zaci an yi mini guɗa a Kolere. Hajja Dudu ta bi gidajen suna da na biki tana cewa da an bar yarinyar nan ta ƙarasa matsar da jinin ya fita, ni ce na katse aiki a tsakiya ya tsaya a ƙirji, kuma na fitar da maijego iska ta buge ta. Mutane da yawa sun yarda, don maganarta ta fi tawa daɗin fahimta, kuma ta fi ni murya. Gidajen da na yi wa wanka uwa da 'ya suka daina kira na. Fa'iza ta yanke bidiyonta daidai kafin hannuna ya shigo, ta sa waƙa a kai. Yanzu tana da shago da allo, har tana koyar da wasu. An ce sati biyu take yaye su.

Bana da rani ina tsakar gida ina tsinke ganye, na ji sallama. Zainabu ce, tana janye da yaron nan, ya yi wayo har yana jifan kajina. Daga inda keke ya sauke su da ƙafarta ta ƙaraso. Ta cire takalmi a bakin tabarma, na lura an ƙara huda maɗaurin na hagu, don ƙafar ba ta koma daidai da 'yar'uwarta ba, kuma an ce mata ba lallai ta koma ba. Da ta zauna na ga cikin.

"Kin je awo?"

"Tun watan farko, Adda. Sun ce saboda wancan, allura zan riƙa yi a fatar ciki har bayan haihuwa. Ni nake yi wa kaina. A asibiti kuma zan haihu."

"Madalla."

Ta gyara bakin mayafi. Can ta ce, "Maganar wanka ce ta kawo ni."

Na ce, "Zainabu, kin san Hajja ba za ta bari in taka gidan nan ba."

"Ta riga ta faɗa. Ta ce Fa'iza za a kira, ta ma yi mata magana."

"To me kika ce?"

Ta sunkuyar da kai, muryarta ƙasa-ƙasa kamar tawa.

"Na ce mata, Dada, jikan naki ne, gidan naki ne. Ƙafar tawa ce."